Layar da Na Ɗauka a Ɗakin Yaya Mamman

Wannan daminar ta cika shekara biyar da rasuwar yayana Mamman, wanda mutanen Madarumfa suka fi sani da Kumandan Kara. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a toya masa a raba sadaka, a yi masa addu'a, sannan in koma lakwal, makarantar da nake aiki, in ci gaba da koya wa 'ya'yan mutane cewa ƙarya ba ta da kyau. Bana na ga sadakar ba za ta ishe ni ba. Akwai maganar da ake yi a kan bawan Allahn nan tun yana raye, wai ya sayar wa 'yan siyasa amanar gari, kuma da wannan sunan aka sa shi a ƙasa. Ni kaɗai ne zan iya wanke shi, domin ni na shafa masa baƙin. Shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan kara ba, ga yadda muke yin namu. Idan an gama girbi, dammuna sun shiga rumbu, sai samari da magidanta su kwashi karan gero su ƙera duk abin da gwamnati ke taƙama da shi, bindiga, tabarau, agogo, rediyo, har da mota. A naɗa kumandan mai mulki, a ba shi gardi biyu masu tsaronsa da akawu da tafinta. Kwana uku ana gwamnatin wasa a filin da ke kusa da kasuwa, kuma a cikin kwanakin nan babu wanda ya fi ƙarfin a kira shi shari'a. Liman yakan tsaya daga nesa yana murmushi, danginmu na ƙauye masu bin addinin kakanni su zo da gangunansu. Wanda aka ci tara ya biya da goro, a yi dariya a watse. Ƙa'idar guda ce, wasan na gari ne, ba na unguwa ba, ba na gidan kowa ba.

Yaya Mamman manomi ne, masunci idan tafki ya cika, kuma bai taɓa sa ƙafa a aji ba. Amma da ya ɗora hular kara ya maƙala tabarau, sai ka rantse daga Yamai aka turo shi. Faransancin ƙarya yake yi, da hanci, yana buga ƙafa, ba kalma ɗaya ta gaskiya a ciki. Tafintansa kuwa Garba ne, amininsa tun suna kiwon awaki. Yaya zai yi ta zuba har numfashinsa ya ƙare, Garba ya juyo ya ce, “Kumandan ya ce ka zamna.” Wani lokaci kuma Yaya ya yi gyaran murya kawai, Garba ya fassara ta da tarihin duk laifin da mutum ya yi tun daga bara. Ni da na yi karatun Faransanci na gaskiya ban taɓa samun masu saurarona kamar yadda ake sauraron nasa na ƙarya ba, kuma yau na yarda abin yana ɗan sosa mini rai tun a lokacin.

Layar ta samo asali ne a shekarar da na fara koyarwa. Yaya ya ce kumandan na gaskiya yana da hatimi, ya kamata na kara ma ya sami abin tsoratarwa. Muka tafi rumfar wani tsohon baduku, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Yaya ya dube ni ya ce, “Lawali, yago min takarda guda cikin kayen nan naka.” Na buɗe littafin rubutuna na yago masa fara, wadda ko ɗigon tawada babu a jikinta. Baduku ya ninke ta, ya ɗinke cikin jar fata da koren zare, muna ta dariya. Daga nan kowace kaka sai a ɗaura ta a kan sabuwar sandar kara ta kumandan, idan an gama wasa a kwance ta a rataye a azarar ɗakin Yaya har wata shekara. Bai taɓa ɓoye wa kowa abin da ke ciki ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce farar takarda ce, mutane kuma su kaɗa kai su ce ai dama ba zai faɗa ba.

Abin da ya ɗaga sunan layar shi ne shari'ar Alhaji Tanko. Babban ɗan kasuwa ne mai safarar wake zuwa Najeriya, ya sayi garka a bakin tafki ya kewaye ta da shinge, shingen ya haɗiye hanyar da matan unguwarmu ke bi zuwa ruwa. An yi masa magana a gida, an tura dattawa, ya ce filinsa ne. Da kaka ta zo sai gardin kara su biyu suka je suka taho da shi daga rumfarsa yana dariya. Yaya ya nuna shi da sanda, ya yi Faransancinsa, Garba ya ce kumandan ya yanke hukunci Alhaji ya ɗauki tulu ya bi sabuwar hanyar zagaye da ya bar wa mata, ya ɗebo ruwa ya kawo. Alhaji ya ɗauka don a gama wasa. Ya tafi da dariya, ya dawo babu ita, babbar rigarsa ta jiƙe har ƙasa, mata na tafa masa suna guɗa. Washegari da safe aka ga ya buɗe shingen.

Duk mai hankali ya san kunya ce ta buɗe shingen nan. Amma Alhaji Tanko ba mutum ne da zai ce an kunyata shi ba. Sai ya riƙa gaya wa mutane cewa da aka nuna shi da sandar nan ƙafafunsa ne suka tashi da kansu, kuma bai san lokacin da ya ba da umarnin a cire ƙaya ba. Tun yana faɗa don kare mutunci har shi da kansa ya gaskata. Nan da nan aka ce a gindin kabarin wani waliyyi na bakin tafki aka binne layar kwana arba'in, wasu suka ce daga wajen bokayen garin Gabi ta fito. Ina ji ina dariya a cikina, ni da na san shafin da aka yago.

Sai ga zamanin jam'iyyu ya zo. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai san yadda abin ya shiga mana ba. Mutanen da suka saba a gaya musu abin da za su yi, dare ɗaya aka ce su ne za su zaɓa. Aka raba majalisar hira, aka raba mahauta, har akwai wanda ya daina sayen ƙosai wurin ƙanwar uwarsa saboda launin kallabinta. Alhaji Tanko ya tsaya neman kujerar dipite, wato ɗan majalisa, ni kuma da yake na iya rubuta wasiƙa sai aka ce ni ne sakatare. Kaina ya kumbura. Ana kirana a lasifika, ina zama a gaban mota, kuma Alhaji ya yi mini alkawarin idan ya ci zai sa baki a mayar da ni wata babbar lakwal a cikin Maraɗi.

A zauren Alhaji a lokacin ba a maganar rijiya ko takin zamani. Kowa da abin da yake kawowa. Wannan ya zo da zoben da ke sa taro ya ji maganar mutum, wancan ya zo da turaren da ke juya zuciyar masu ƙirga ƙuri'a, wani ya ce a binne baƙin rago a mararraba. Duk wanda ya kawo abu sai a matsa masa kusa da Alhaji a kan darduma. Ni kuwa da takarduna ina can bakin ƙofa wajen takalma. Alhaji ya riga ya aika wa Yaya yana son layar, Yaya ya mayar da ɗan aiken da cewa babu komai a ciki, kuma ko da akwai, ba tasa ba ce balle ya bayar. Rannan Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ce da layar nan tana hannunsa da ya yi barci. Babu wanda ya tambaye ni. Ni na buɗe baki na ce, “Alhaji, bar min wanga. Ni zan yi mishi magana.”

Ban yi masa magana ba, don na san amsar. Ranar kasuwa da hantsi, na san Yaya yana garka, matarsa Rabi ta tafi sayar da kifi, na shiga gidan kamar yadda na saba shiga tun ina yaro. Na taka turmi na miƙa hannu na kwance layar daga azara, na jefa a aljihu. Ban ji komai ba, gaskiya ke nan. Na gaya wa kaina ai farar takarda ce, tawa ce ma, kuma kowa ya san yadda ake yi da laya, a ɗaura a damtse ko a ƙugu a rufe da riga, ba mai gani. Na ce bayan zaɓe zan karɓo in mayar kafin kaka. Da na miƙa wa Alhaji sai na ƙara da maganar da ta fi satar muni, na ce Yaya ne ya ce a ba shi, amma kada a faɗa. A ranar na zauna a kan darduma, gwiwata na taɓa tasa.

Inda lissafina ya ɓaci, Alhaji bai rufe ta da riga ba. Ranar babban mitin na jam'iyya a filin kasuwa ya hau bayan mota da jar layar nan rataye a ƙirjinsa, a kan farar shadda, koren zarenta ana hango shi daga rumfar mahauta. Babu yaro babu babba a Madarumfa da bai san ta ba. Na ji taro ya yi wani irin gunaguni. Maroƙinsa kuwa ya kama lasifika yana faɗin Kumandan Kara ya miƙa wuya, wanda aka sa ya buɗe shinge jiya, yau shi ke riƙe da sanda. Ina tsaye a gefen motar riƙe da takardar jawabi, na sha jinin jikina, amma da Alhaji ya dube ni sai na yi masa murmushi.

Mutane suka yi ta zuwa wurin Yaya. Abin da zai ce a sarari yake, an sace. Amma idan ya ce an sace, tambaya ta gaba ita ce wa ke shiga ɗakinsa ba sallama, kuma ba sai an kira mai duba ba kafin a gano ƙanensa da ke zaune a gaban motar Alhaji. Malamin lakwal da aka kama da sata a gidan ɗan'uwansa, a garin da kowa ya san kowa, ya gama aiki ya gama aure. Don haka duk wanda ya tambaye shi, amsa ɗaya yake bayarwa, laya ta bar hannunsa. Bai ƙara ba, bai rage ba. Mutane suka ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Alhaji kuma ya ci zaɓe, aka ce to ga shi nan, laya ta yi aikinta, Mamman ya sayar da garin. Na je in karɓo ta kamar yadda na tsara, Alhaji ya yi dariya ya ce ko ransa zan nema sai ya fi sauƙi.

Da kaka ta zo wasu suka ba Yaya shawara ya bar wasan bana. Ya ce wasan ba nasa ba ne da zai soke shi. Bayan la'asar ya fito da hularsa da tabaransa, da sabuwar sanda wadda babu komai a kanta. Filin ya cika, amma ba cikar da muka saba ba, mutane sun tsaya nesa sun harɗe hannuwa. Gardi ɗaya ne ya zo. Kujerar tafinta tana nan, Garba bai zo ba. Yaya ya buga ƙafa ya fara Faransancinsa kamar kullum, ya yi ta yi, sannan ya dakata inda Garba ke karɓa. Babu wanda ya karɓa. Ba tare da Garba ba, abin da ya rage shi ne dattijo mai furfura da kara a ka yana surutan da ba su da ma'ana. Can daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, “Kumandan, mi anka ba ka?” Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta wasa ba.

Ina wurin. Ina zaune a benci na manyan baƙi, taku goma tsakanina da shi, kuma na iya magana a taro, ai sana'ata ce. Kalma huɗu ko biyar sun isa. Yaya bai dube ni ba ko sau ɗaya, kuma na tabbata da gangan ne, don kada idon mutane ya bi nasa. Ya cire hular ya ajiye a kan kujera, ya jingina sandar, ya ce wa jama'a a gafarce shi, ya bi hanyar gida a ƙafa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmina har aka watse. Tun daga ranar ba a sake wasan kara a Madarumfa ba.

Alhaji ya cika alkawari, aka mayar da ni Maraɗi, kuma daga nan nake rubuta wannan. Da damina ta faɗi aka aiko mini Yaya ba shi da lafiya. Na je na same shi kwance a kan tabarma a rumfar tsakar gida, ya rame, amma bakin nan nasa yana nan. Ya tambaye ni ko 'yan birni suna jin Faransancina, ya tambayi iyali. Rabi ta shiga ɗaki ta bar mu. Na yi niyyar faɗa, Allah ya sani na yi. Sai ya riga ni. Ya ce, “Lawali, kar ka sa ma ranka damuwa. Takardar dama taka ce, hwatar ce tawa.” Ya yi 'yar dariya har tari ya kama shi. Ƙofa ce ya buɗe mini, ko dai in shiga in nemi gafara, ko in fita in gaya wa gari. Ni kuma na taya shi dariyar kamar wawa, na ce bana ruwa ya yi kyau, gero zai yi. Bayan kwana tara ya rasu.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Majalisar da aka yi wannan haukan dominta, sojoji sun zo sun sallame ta, zobba da turaruka ba su tare ko ƙofa ɗaya ba. Alhaji Tanko ya dawo rumfarsa ta wake. Shi da bakinsa ya ba ni labarin cewa da abin ya faru ya kai layar wurin wani malami a duba dalilin da ya sa ta daina aiki. Aka farke ɗinkin, aka tarar da farar takarda mai layi-layi. Malamin ya dube ta ya ce rubutun ne ya tashi, saboda an shiga da ita wurin da bai kamata ba. Alhaji yana gaya mini yana jimami, ni kuma ina gyaɗa kai ina cewa Allah ya kyauta. Da Yaya ya ji wannan da sai an riƙe shi don dariya, da kuma ya sami abin yin wasa na shekara uku.

Yanzu ga shi an sake kaɗa gangar zaɓe, kuma zaurukan sun sake cika. Ina ganin sababbin 'yan takara da zobba har uku a hannu ɗaya, ina ganin motocinsu a ƙofar masu duba tun daga garin Sarkin Yamma har tsallaken iyaka. A kusa da kowannensu akwai wani mai ɗan ilimi irina yana riƙe da takardu yana neman a matsa masa wuri a darduma. Ba na jin Yaya zai yi musu wa'azi, ba halinsa ba ne. Zai sa a ƙera zoben kara mai girman faifai ya maƙala wa akawunsa, a yi shari'a a ci shi tarar goro, kuma duk mai zobe a garin ya san da shi ake. Irin wannan maganin ne muka rasa, kuma ni na zubar da shi.

Da ba don Sani ba, da wataƙila bana ma sadakar masa zan yi in yi shiru. Sani shi ne babban ɗan Yaya, magidanci ne yanzu mai 'ya'ya biyu, ya gaji tarun ubansa, ya gaji bakinsa. Watan jiya ya zo har gidana a Maraɗi ya durƙusa ya ce shi da abokansa suna son su tayar da wasan kara bana, kuma samari sun ce shi suke so ya yi kumandan. Amma maganar tana hannun Garba, shi ne dattijon wasan da ya rage, kuma Garba ya ce a yi wasa, amma hula ba za ta sake shiga gidan da aka sayar da laya ba. Sani ya ce, “Baba, kai ne mai ilimi, ana jin maganarka. Ka tahi ka roƙar min shi. Ko da tsohona ya yi kuskure, ai ba ni na yi ba.” Wato har ɗan da ya haifa ya yarda ya yi. Na ce masa ya tafi, zan zo.

Na sami Garba a gonarsa yana maimai, ya tsufa, bayansa ya tanƙware. Muka gaisa, muka koma gindin gawo. Na shirya jawabi tun daga mota, mai gabatarwa da dalilai, amma da na buɗe baki sai abin ya fito tsirara. Na ce ni na ɗauki layar, Mamman bai sani ba, bai bayar ba, bai karɓi komai ba. Garba ya daɗe yana kankare ƙasa daga bakin haywarsa da tsinke. Sannan ya ce, “Wata tara ban gaishe shi ba. Ina bi ta ƙohwar gidanshi yana kwance, ina jin tarinshi, in kau da kai. Ranar da anka kai shi, bayan sahu na tsaya.” Ya share fuska da hular kansa. Ya ce, “Shi ya yahe maka, na san halinshi. Ni wa za ya yahe min?” Da zan tafi ya ce Sani zai sa hula, amma da sharaɗi, ranar farko kafin a buga ganga in tsaya a tsakiyar fili in faɗa wa gari da bakina. Na ce na yarda, kuma wannan rubutu somin-taɓi ne.

Idan na auna abin da Yaya ya bari, ba shi da yawa a ido. Gona ɗaya, taru, jirgin da ke yoyo. Hanyar da ya buɗe wa mata har yau ana bin ta zuwa tafki, yawancin masu bi ba su san an taɓa rufe ta ba. Ya bar mutanen da suka taɓa ganin mai kuɗi ya ɗauki tulu, kuma wanda ya ga haka sau ɗaya ba ya sake yarda cewa akwai wanda ba a iya gaya wa gaskiya. Ni kuma ya bar mini aikina da mutuncina da aurena, ya biya da sunansa, ban roƙe shi ba, ban kuma gode masa ba. Shekara biyar ina cin wannan kyauta, ana gaishe ni ana cewa ƙanen ya fi yayan kamun kai. Ina jin kunya, irin wadda ban san ranar da za ta sake ni ba.

Daga gonar Garba ban koma tasha ba, na gangara bakin tafki. Sani yana zaune a kan jirgi yana ɗinkin taru, da ya hango ni ya taso da murna ya karɓi jakata. Na ce masa Garba ya yarda. Ya fara godiya, na ce ya dakata, akwai saura. Na gaya masa duka, da turmin da na taka, da bencin da na zauna, da abin da ubansa ya ce mini a kan tabarma. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya, ko ubansa ya sani tun ranar farko. Na ce ya sani. Ya ajiye mini jakata a ƙasa a hankali, ya naɗe tarunsa ya saɓa a kafaɗa. Yaron nan tun da ya iya magana Baba yake ce mini. Ya ce, “Sai an jima, Mushe,” yadda kowane baƙo ke kiran malamin lakwal, ya wuce.

Ban bi shi ba, ba ni da bakin kiransa. Abin da ya rage mini shi ne in faɗa inda kowa zai ji. Mamman na Madarumfa bai sayar da layar wasan kara ba. Ni Lawali, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ni na sace ta, na yi masa ƙarya, na kuma bar shi ya mutu da ita. Wanda ya taɓa zaginsa a kan wannan, ya yi masa addu'a, zagin ya kawo mini. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.